Labulayen Mai Masauki

Labule biyu Umma ta ƙona. Biyu, ba uku ba, kuma ina tsaye a wurin. Na fara da wannan ne saboda a layinmu magana ba ta kwana yadda aka bar ta, har akwai matar da ta rantse mini ta ji an ce masauki guda muka babbake.

Shagon wanki da guga gare mu, ni da Umma. Ni ce a gaba bakin tebur, ina karɓar kaya ina cacar baki da masu kawo riga huɗu su dawo neman biyar, ita kuma tana can ciki wajen zafi da tururi. Abin da ya raba mu da sauran masu wanki shi ne babban injin guga, irin mai gangar ƙarfen nan da za ka zura masa zanen gado ta gaba ya fito ta baya sumul. Na hannu ne ma, amma Umma ta daɗe tana matse bakin aljihu kafin ta saye shi. Tun da Babanmu ya rasu shi ke ci da gidan, shi ya kai ƙannena makaranta. In ya ɗan canza ƙara, ranar Umma ba ta cin abincin kirki.

Mai Masauki babban kwastoma ne a wurinmu. Yana da gidan saukar baƙi mai bene kusa da tasha, mutum ne mai ƙamshin turare da yawan murmushi, irin masu kiran kowace dattijuwa Mama. Wata rana ya sa aka kwance labulayen ɗakunansa gaba ɗaya, guda arba'in, aka jibge mana. Ashe biyu daga ciki shafinsu na baya wani yadi ne mai kamar leda. Umma ba ta juya ta duba ba, ta zura su, injin ya lashe su. Warin kaɗai ya ishe ka sanin aikin gama ya gama.

Ba ta aike ni ba. Da kanta ta linke sauran talatin da takwas ɗin, ta ɗora ƙonannun a sama inda ido zai fara sauka, muka kai masa.

"Laifina ne," ta ce masa. "Ka faɗi kuɗin biyun nan in biya."

"Haba Mama, ai ba komai," in ji shi, yana ta murmushin nan nasa. "Za mu yi magana."

Maganar ita ce sammaci. A takardar an ce labule arba'in muka lalata, babu wanda ya moru, har dole ta sa ya rufe masauki tsawon wata guda saboda babu baƙon da zai kwana taga tsirara. Kuɗin da ya nema, ko an sayar da shagon an haɗa da ni ba za a kai ba. Na zari mayafi zan je in wanke shi tas a gaban baƙinsa, Umma ta ce in na fita ƙofar nan kada in dawo mata shago. Na zauna ina huci.

Lauyar da muka samu wata 'yar siririya ce, ofishinta a saman kantin magani, ɗaki ɗaya da fanka mai kuka. Ganin farko na raina ta, don ko ruwa ba ta ba mu ba. Ta karanta takardar sau biyu sannan ta cire tabarau.

"Mama, ba labulen nake jiye miki ba," ta ce. "Ɗawainiyar shari'ar nake ji. A ƙa'ida wanda aka kayar shi ke biyan abin da ɗayan ya kashe: kuɗin shigar da ƙara, na lauya, na shaidu. Lauyan da ya ɗauka kuwa na san shi, tsayuwarsa ɗaya ta fi kuɗin labulen nan biyu. In shari'a ta ja, ko da a ƙarshe a kan biyun kaɗai aka kama ki, zai miƙe ya ce shi ya yi nasara, a biya shi."

"In babu fa?" na tambaya.

"Sai a duba abin da za a iya sayarwa. Me kuke da shi?"

Umma ta sunkuyar da kai tana kallon hannuwanta, ni kuma ina jin kukan fankar nan har cikin haƙorana.

Kawu, yayan Umma, shi ya raka mu. Direban babbar mota ne da ya ajiye tuƙi, kuma a ganinsa babu shari'ar da bai sani ba, don ya taɓa kwana a caji ofis. Ya gyara zama.

"Yarinya, wannan ai mai sauƙi ne. Akwai takardar da ta nuna lafiya lau suka zo? Babu. Sai ƙanwata ta ce haka aka kawo su. Shi ya yi ƙarya, mu yi tamu, a tashi canjaras."

"Yaya," in ji Umma, "ni na ƙona su."

"Wa ya gan ki?"

"Ni na ga kaina."

Lauya ta mayar da tabarau. "Baba, in ƙarya za a yi sai dai ku nemi wani lauyan. Abu ɗaya zan faɗa, kuma ba alkawari ba ne. Biyan ɗawainiya ba dole ba ne ya bi nasara, alƙali yana da ikon duba yadda kowa ya tafiyar da kansa a gabansa. Zan rubuta wa lauyansa yau cewa har yanzu muna kan tayin biyan biyun, don ya shiga cikin bayanan kotu. Amma in ba mu iya nuna ƙaryarsa ba, maganarsa da tamu ɗaya suke."

Kawu ya yi tsaki ya ce tun suna yara haka ƙanwar nan tasa take, in ta fasa kofi ita ke kai kanta a doke ta.

Aka fara zama. Ɗakin kotun bai kai girman da nake zato ba: benci-benci masu cin bayan cinya, agogon bango da ya tsaya, da alƙali, wani dattijo da ba ya ɗaga kai daga rubutu sai in abu ya ɓata masa rai. Da aka kira Umma, lauyan Mai Masauki ya taso da rigarsa yana shirin dogon yaƙi.

"Kin ƙona labulen wanda nake karewa, ko ba ki ƙona ba?"

"Na ƙona biyu."

Ya ɗan tsaya, don bai shirya wa hakan ba. "Sakaci ne?"

"Sakaci ne. Da na juya na duba shafin, da ba su ƙone ba."

Wallahi ji na yi kamar in toshe mata baki. Mutum ko kuka zai yi ai ya bari a mare shi tukuna. Amma da na dube ta tsaye, 'yar dattijuwa da tabon ƙuna a hannu, tana kallon mutumin nan ido cikin ido, sai haushina ya gauraya da wani abu daban. Uwata ce wannan, na ce a raina, kuma duk ɗakin nan babu wanda ya fi ta tsayuwa.

Mai Masauki ya yi rantsuwa ya zuba tasa. Ya miƙa ƙonannun biyun a matsayin shaida, ya ce sauran sun fi haka muni, ganinsu ma yana tayar masa da hankali, shi ya sa ya bayar aka zubar. Ya kawo hotunan tagogi babu labule. Ya kawo manajansa, wanda ƙanen matarsa ne, ya rantse da idonsa ya ga an loda su a motar shara. Ya kawo wani da aka ce masanin yadi ne, ya yi ta bayani a kan zafi da zare har alƙali ya yi hamma. Kowane shaida da zamansa, kowane zama da ɗagewa. In an ce an ɗage, lauyansa ya yi murmushi, ni kuma in ga kamar ana kwance wa injinmu noti ɗaya.

Magana ta bazu. Dillalai suka fara leƙo mana shago, wai sun zo gaisuwa. Wani har ya ƙwanƙwasa gangar injin da makullin motarsa yana tambayar shekarar injin nawa. Na ce masa ya fi shi ƙuruciya, kuma ƙofa tana nan inda ya bar ta. Sai da ya fita Umma ta ɗauki tsumma ta goge wurin da makullin ya taɓa.

To, akwai wani abu a sana'armu da masu kawo wanki ba su sani ba. Ƙananan shaguna ba su da inda za su guge manyan kaya. Za su karɓi labule da zanen gado da fara'a, su ce a dawo jibi, sannan su ƙunso su kawo wa mai babban inji ta ƙofar baya, a guge, su mayar a ledarsu mai sunan shagonsu. Babu mai tona wa wani asiri. A duk faɗin garin kuwa masu irin injinmu ba su da yawa, kuma Umma ta fi su sauƙin farashi.

Abu na biyu, kowane mai wanki da irin alamarsa, don kada kayan mutane su cakuɗe. Wasu alli, wasu ɗan ƙyalle da fil. Umma zare take sawa: ta buɗe kalmasar ƙasa kaɗan, ta yi ƙulli daga ciki da launin da ta ware wa mai kayan, ta mayar ta rufe. Na Mai Masauki kore ne.

Wata safiya Mai Bula ta sauke mana ƙunshi huɗu daga bayan a-kori-kura. Tsohuwar ƙawar Umma ce, shagonta can ƙarshen gari bayan gada, kuma ana kiranta haka ne don yatsunta kullum shuɗi suke.

"Yaya, a taimaka mini da waɗannan da wuri," ta ce wa Umma. "Wani sabon kwastoma ne, wai manyan baƙi zai yi. Sun sha ajiya, sai da na wanke sau biyu warin rima ya fita."

Umma ta kwance ƙunshin farko. Na ga hannunta ya tsaya. Ta bi kalmasa da babban yatsa har ta ji abin da take nema, ta ɗauki allura ta ɗaga bakin ɗinkin. Ga ƙullin kore nan, kamar jiya ta yi shi. Ta ja na biyu, haka. Muka zube su a tebur muka ƙirga, talatin da takwas cif.

Ashe bawan Allah ɗaki ya samu ya kulle su. Da baƙi masu kuɗi suka taso, ya ga ba zai iya barin tagogi haka ba, kuma rowa ba za ta bar shi ya sayi sababbi ba, sai ya nemi shagon da ya fi kowanne nisa da namu. A tunaninsa duk wanda ya karɓi wanki shi ke gugewa.

Na buga tsalle har na ture kwandon fil. Amma Mai Bula da ta fahimci abin da ke faruwa, sai ta nemi kujera ta zauna.

"Yaya, kotu za a kai ni? In na tsaya na ce ba ni ke guga ba, gobe wa zai kawo mini zanen gado? Allo na rubuta da manyan baƙaƙe cewa komai a shagona ake yi."

"Ba zan tilasta miki ba," in ji Umma.

"Umma, injinmu fa," na ce.

"Na ce ba zan tilasta mata ba. Asirinta ne, amana ta ba ni."

Na fita waje don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Lauya ta zo a gaggauce ta ɗauki hotuna, ta ce kada a taɓa komai, ta nemi kotu ta karɓi kayan ta ajiye. Amma ta gaya mana gaskiya: in Mai Bula ba ta faɗi wanda ya kawo mata su ba, Mai Masauki zai iya cewa mu muka ɓoye su tun farko.

Ranar zaman muna bakin ƙofa sai ga Mai Bula cikin kayanta na zuwa biki, ta dirje yatsunta har sun yi ja, amma shuɗin yana nan.

"Kada ki gode mini," ta ce wa Umma tun kafin ta buɗe baki. "Na yi lissafi ne. In aka ɗauke injin nan, ni wa zai guge mini?" Tana faɗi tana share ido da gefen mayafi.

Ta ba da shaida, ta nuna manajan da yatsa ta ce shi ya kawo, shi ya yi ciniki har ya rage mata. Aka sake kiran Mai Masauki. Ya ce sababbi ne, ya sayo irin na da sak saboda yana son launin. Lauyarmu, wadda na raina, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta roƙi magatakarda ya buɗe kalmasar ɗaya, aka ga kore. Ta ce Mai Masauki ya zaɓi wani da kansa daga tsakiya, aka ga kore. Sannan ta ce a ɗauko ƙonannun biyun da mai ƙara ya miƙa wa kotu da hannunsa, a buɗe su ma. Su ma kore ne, iri ɗaya sak. Alƙali ya ajiye biro, ya miƙa hannu aka ba shi, ya jera su a gabansa yana kallo. Daga nan ya ɗago ya dubi Mai Masauki, ya daɗe yana dubansa. Murmushin dai ranar bai fito ba.

Ranar hukunci Umma ta sa fararen kayanta, ta guge su da kanta. Alƙali ya yi ta karatu da murya ɗaya kamar mai karanta sanarwa. Can ya zo wurin: kotu ta gamsu wadda ake ƙara ta yi sakaci, ta lalata labule biyu, don haka hukunci ya hau kanta, za ta biya kuɗinsu. Na ji hannun Umma ya sauka a gwiwata, ya yi sanyi ƙalau. Ba ta motsa ba, idonta yana kan agogon nan da ya tsaya.

Lauyan Mai Masauki ya miƙe, ko kunya babu, ya ce tun da an yanke hukunci a kan wadda ake ƙara, yana roƙon a ba su ɗawainiyar shari'a kamar yadda aka saba.

"Zauna," in ji alƙali. Ya cire tabarau. "Ana biyan mai nasara ɗawainiyarsa ne saboda an tilasta masa zuwa kotu neman haƙƙinsa. Wa ya tilasta wa wannan? Abin da na ba shi yau, matar nan ta kai masa har ƙofa tun kafin ya san hanyar nan, lauyarta ta sake rubuta masa, ya ƙi. Duk zaman da muka yi bayan wannan, a kan labule talatin da takwas ne da yake kulle da su a ɗaki, yana rantsuwa an zubar. Ita ta faɗi laifinta a tambayar farko, ba ta ci wa kotu ko rabin sa'a ba. Ba zan sa mai gaskiya ta biya kuɗin ƙaryar da aka yi mata ba. Mai ƙara zai ɗauki ɗawainiyarsa da kansa, kuma zai biya duk abin da ta kashe wajen kare kanta, cikakke, ba ragi. Maganar rantsuwar ƙarya, tasa da ta manajansa, zan tura ta inda ya dace."

Kawu ya damƙe mini kafaɗa har sai da na ji zafi. Da ba don kotu ba ce da na yi guɗa.

Aka tashi. Umma ta miƙe tsam, ta gyara mayafi, ta bi ta gaban Mai Masauki kanta a sama, har ta ce masa sannu. A baranda ta kama hannun Lauya da hannu biyu.

"'Yata, kin yi iya ƙoƙarinki, Allah ya yi miki albarka. Kada ki sa damuwa a ranki, ni na ƙona, kuma gaskiya aka yanke." Ta juyo gare ni, muryarta ko rawa ba ta yi. "Ki tambaye ta ko za su bari mu gama kayan mutane kafin su zo ɗauka."

"Ɗaukar me, Umma?"

"Injin mana."

Muka kalli juna ni da Lauya. Sai a lokacin na gane. Tun daga inda alƙali ya ce hukunci ya hau kanta, kunnenta ya toshe, ba ta ji ko kalma ɗaya ba bayan nan. Duk tafiyar nan da ta yi kai a sama, da sannun da ta yi wa mutumin, da addu'ar da ta yi wa Lauya, ta yi su ne tana ganin ta rasa komai.

"Umma," na ce, "babu mai taɓa shi. Biyun kawai za ki biya. Shi zai biya lauyansa, shi zai biya tamu."

Ta dubi Lauya. Lauya ta gyaɗa kai. Ta dubi Kawu, shi kuma gogan naka ya juya baya yana fyace hanci.

A nan Umma ta zauna a kan matakalar kotu da fararen kayanta, cikin ƙura da sawun takalman mutane, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna girgiza. Na durƙusa na tare ta da jikina don kada masu wucewa su kalle ta, duk da a raina so nake duk garin ya zo ya ga matar da ta haife ni.

Da ta sarara ta share fuska, ta miƙo mini jakarta.

"Buɗe aljihun ciki," ta ce. "Kuɗin biyun suna nan, kullum da su nake zuwa. Je ki tambayo mini inda ake biya."